Shayin Rage Teɓa: Yadda Za Ki Gane Ko An Ɓoye Miki Ƙwaya A Ciki

Zogale, citta, lemon tsami, kanumfari, koren shayi, duk na san su, ina kuma sha. Babu ɗaya a cikinsu da zai ɗauke miki yunwa tun daga asuba har bayan isha'i, ya busar miki da baki, ya bar ki ido biyu har ƙarfe uku na dare, sannan sikeli ya nuna kin zubar da kilo biyar cikin sati biyu. Idan shayin da kika saya a WhatsApp yana wannan aikin, to da walakin. An zuba wani abu a ciki wanda ba a rubuta a kwali ba.

Aikina harhaɗa magunguna ne, a wani kanti kusa da kasuwa, kuma mata da yawa da ke shigowa ba magani ne ya kawo su ba, awon jini suke so. A nan nake gamuwa da masu shan irin wannan shayi. Mace ce da ƙuruciyarta, ba ta da tarihin hawan jini, amma na'ura ta haura 140 bisa 90, hannunta yana ɗan rawa a kan tebur, leɓenta ya bushe har ya tsage. In na ce, "Hajiya, kina shan wani abu na rage jiki?" sai ta ce a'a. Sai ta saɓa jaka za ta fita take waiwayowa ta ce, "Sai dai wani ɗan shayi, amma ai na ganye ne zalla."

Da ita nake, da amaryar da aka sa wa rana tana son riga ta zauna mata, da mai jegon da dangin miji suka fara yi wa habaici a kan tumbi. Maza ma su karanta, don na sha ganin alhazai da kwalin kofin rage ƙiba a aljihun mota.

Abin da ake zubawa, da inda ya samo asali

Uwar dangin ƙwayoyin kashe yunwa ita ce amfetamin. A Jamus aka fara haɗa ta a 1887, ta daɗe babu wanda ya waiwaye ta, sai a shekarun 1930 kamfanin Smith, Kline & French na Amurka ya fito da ita da sunan Benzedrine, abin shaƙawa don toshewar hanci. Ba a jima ba aka lura masu amfani da ita ba sa barci, ba sa kuma neman abinci. Zuwa shekarun 1950 da 1960 likitoci a Amurka suna rubuta wa matan aure ita don rage ƙiba, wasu ma suna haɗa ta da ƙwayoyi kala-kala: na sa fitsari, na zuciya, da na barci don ya kwantar da abin da amfetamin ta tayar. Mata suka mutu, wasu suka kamu da jarabarta. A 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa amfetamin cikin ƙwayoyin da ake tsananta tsaronsu.

Daga nan sai aka shiga neman wadda za ta kashe yunwa ba tare da wannan ɓarna ba, kuma kusan duk wadda aka kawo ta zo da tata. Preludin ta fito daga Jamus a shekarun 1950 da sunan ta fi amfetamin sauƙi. A Suwidin 'yan ƙwaya suka riƙa narka ta suna yin allura, har aka janye ta daga kasuwar ƙasar a 1965. A tsakiyar shekarun 1960 aka sayar da aminoreks a Suwizalan da Ostiriya da Jamus ta Yamma, sai asibitoci suka cika da masu hawan jinin jijiyoyin huhu, cutar da a da ba kasafai ake ganinta ba. A 1997 likitocin Mayo Clinic a Amurka suka ba da rahoton mata 24 masu shan haɗin nan da ake kira fen-fen, waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace, kuma a watan Satumba na shekarar aka janye fenfuluramin, ɗaya daga cikin ƙwayoyin haɗin. 'Yan'uwanmu na Nijar za su fi tuna Mediator, ɗan dangin fenfuluramin da aka janye a Faransa a 2009, wanda kotu a Faris ta kama kamfanin da ya yi shi da laifi a 2021.

Wadda ta fi shafar mu ita ce sibutiramin. An amince da ita a Amurka a 1997, ana sayar da ita can da sunan Meridia, a Turai kuma Reductil. Sai aka yi wani babban bincike a kan mutum kusan dubu goma masu shekara 55 zuwa sama da ke da haɗarin ciwon zuciya, aka ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ƙaru da kashi 16 cikin ɗari a wajen masu shan ta. Turai ta dakatar da ita a watan Janairun 2010, Amurka ta bi baya a watan Oktoba. Hukuma ta cire ta daga kantunan magani, amma masana'antun bayan fage ba su daina yin garinta ba. Yana da araha, kuma yana aiki. Shi ake barbaɗawa a shayi, a kofi, a kafso mai hoton ganye. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gwada kayan rage ƙiba da ake sayarwa a matsayin na ganye, kuma sibutiramin ce ta fi fitowa a cikin waɗanda aka kama.

Yadda take aiki ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ki tuna ranar da aka bugo miki waya da mummunan labari kina tsakiyar cin abinci: nan take tuwon ya fita daga ranki, gabanki ya riƙa faɗuwa, bakinki ya bushe, daren nan ba ki runtsa ba. Sinadaran da jiki ya saki a wannan lokaci su waɗannan ƙwayoyi suke ɗagawa, su riƙe su sama kullum. Shi ya sa ɗaukewar yunwa da gudun zuciya suke tafiya tare. Kuma lokacin da likita ke rubuta sibutiramin, miligiram 10 ko 15 ne a rana, ana auna jini a kai a kai. Mai zubawa a shayi ba ya awo. An sha samun wanda abin da ke cikinsa ya ninka haka.

Kafin ki biya kuɗi

Ki ce a turo miki hoton kwalin gaba da baya, ba hoton matar da ta rame ba. Ki nemi abu huɗu: sunan kamfanin da ya yi shi da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi shi a ciki, ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Lambar kanta ba hujja ba ce, don bugawa ake yi. Ki shiga Greenbook, rajistar hukumar a intanet, ki duba ko sunan kayan da na kamfanin sun yi daidai da lambar. Idan lambar ta fito da sunan wani abu dabam, magana ta ƙare. Wadda ke Gana ta duba rajistar hukumar abinci da magunguna ta can. Sannan ko lambar ta gaske ce, ba ta zama shaidar cewa kayan yana rage ƙiba ba.

Kwalin da babu rubutun da za ki iya karantawa a jikinsa, ki bar shi. Haka wanda aka juye a farar roba aka manna takarda mai sunan mai sayarwa da lambar wayarta. Ita kanta sau da yawa ba ta san abin da ke ciki ba. Sari ta yi a buhu, an ce mata daga Dubai ne ko Malesiya, ta yarda.

Wani wurin da nake son ki tsaya shi ne gargaɗin da ke jikin kwalin, ko wanda mai kayan za ta turo miki da murya. "A sha da safe kawai." "Kada mai hawan jini ko ciwon zuciya ya sha." "Za ki ji bushewar baki, ki yawaita ruwa." "In kin ji jiri ko faɗuwar gaba kada ki damu, kitse ne ke narkewa." Ki tambayi kanki, wane irin lemon tsami ne ake hana mai hawan jini, kuma don me ba a shan sa da yamma? Waɗannan kusan su ne gargaɗin da ke takardar sibutiramin ta asali. Wanda ya haɗa kayan ya san abin da ya zuba, yana kare kansa ne.

Kada kuma kalmar ganye ta kwantar miki da hankali ko da gaskiya ce. Idan kika ga an rubuta Ephedra ko Ma Huang a jerin kayan haɗi, tsiro ne na gaske, amma sinadarinsa efedirin ɗan gidan su amfetamin ne, kuma Amurka ta hana sayar da shi a kayan rage ƙiba tun 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki.

Idan kin riga kin fara sha

Ban ce ki saya ki gwada don ki gani ba. Amma idan kwalin yana kan firijinki yanzu, jikinki zai gaya miki abin da kwalin ya ɓoye.

Ki fara da bugun jijiya. Ki zauna minti biyar ba ki yi aikin komai ba, ba ki sha shayi ko goro ba. Ki ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ki danna kaɗan har ki ji motsi. Kada ki yi da babban yatsa, yana da nasa bugun, zai rikita ki. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 da agogon wayarki, ki ninka biyu. Babban mutum a zaune yana tsakanin 60 da 100 a minti. Idan kina zaune kina samun sama da 100, ko kina jin bugun yana tsallake, ki rubuta lambar da lokacin. Ki yi haka da safe da yamma.

Sai awon jini. Kusan kowane kemis yana da na'ura yanzu. Ki zauna ki jingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ki yi shiru a auna sau biyu. Ki sa a rubuta miki a takarda, don "an ce ya ɗan hau" ba ya taimakon likita da komai. Lokacin da sibutiramin ke halal a Turai, ƙa'idar ita ce a dakatar da ita idan bugun zuciya ya ƙaru da 10 a minti, ko jini ya ƙaru da maki 10, a awo biyu a jere. Wannan ga wadda likita ke sa wa ido ke nan. Ke da babu mai duba ki, bai kamata ki jira ya kai haka ba.

Sauran alamun kina iya gane su da kanki. Bakin da ruwa ba ya jiƙa shi. Bayan gida ya yi tauri. Ciwon kai, gumi ba dalili, rawar hannu idan kin miƙa shi. Ki kwanta jiki a gajiye amma ido ya ƙi rufuwa. Sai saurin fushi: yaro ya zubar da ruwa ki ji kamar ki yi kuka, ko ki rufe shi da faɗan da ya fi laifinsa. Sau da yawa maigida ko 'yar aiki ne ke fara lura da wannan kafin ke.

Ba kowane shayin rage teɓa ne ke ɗauke da ƙwayar tayar da zuciya ba, kuma yana da kyau ki bambance. Wanda ke murɗa miki ciki ya sa ki zarya banɗaki da asuba, maganin wankin ciki ne, galibi filasko, wani lokaci kuma wani tsohon sinadari da Amurka ta cire daga magungunan kanti a 1999 don fargabar cutar kansa. Wanda ke sa ki fitsari ba ƙaƙƙautawa, har ki ji jiri idan kin miƙe, maganin sa fitsari aka saka. Duka biyun ruwa suke zubarwa, kitsen yana nan inda yake, kuma kilon da ya tafi zai dawo da zarar kin sha ruwa kin ci abinci. Suna kuma kwashe gishirin jiki da zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Mafi muni shi ne wanda aka haɗa duka ukun, kuma ana haɗawa. A watan azumi, ko a zafin Afrilu, ga ƙoda ba ruwa, ki auna da kanki.

Waɗanda abin ya fi yi wa haɗari

Mai hawan jini, ko da tana shan magani. Mai ciwon zuciya, da wadda ta taɓa samun shanyewar jiki. Mai ciki, da mai shayarwa.

Bari in daɗe kaɗan a kan mai jego, don ita aka fi yi wa talla. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya na bayan haihuwa a duniya, likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, na Kano da Sakkwato ma suna ganinsa har gobe. Yakan zo a watannin farko bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa yankewa, mace ta kasa kwanciya sai ta tara matasai. Wata tana ɗauke da shi ba ta sani ba, tana cewa gajiyar raino ce. A ɗora wa irin wannan zuciya ƙwayar da ke sa ta gudu, ga kunun kanwa, ga wankan jego. Tumbin haihuwa kuwa yawancinsa naman ciki ne da ya saki da mahaifa da ke komawa mazauninta, babu shayin da ke taɓa su. In uwar miji ce ta kawo miki da kyakkyawar niyya, ki karɓa ki yi godiya, ki ce, "Mama, bari in nuna wa likita ranar awo."

Sai haɗi da wasu magunguna. Sibutiramin da tiramadol ba sa zama a jiki ɗaya lafiya, haka ita da yawancin magungunan ciwon damuwa. Haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi mai zafi, rawar jiki, ruɗewa da fizge-fizge. Magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna ɗaga jini. Goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk ƙari ne a kan wutar da ke ci.

Yadda za ki daina

Ki daina yau, ba sai kwalin ya ƙare ba. Kuɗin da kika biya ya riga ya tafi. In kin yi watanni kina sha, ko kina jin ba za ki iya wuni ba sai da shi, ki ga likita a satin nan, domin wasu daga cikin dangin amfetamin idan an bar su suna jefa mutum cikin kasala, yawan barci da baƙin ciki mai nauyi, kuma ana buƙatar mai sa ido.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama kina zaune, suma, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta riƙa harɗewa. Wannan asibiti ne kai tsaye, ko da tsakar dare ne, ba kemis ba. A tafi da kwalin, a faɗa wa likita gaskiya. Kunyar cewa kina shan maganin rama ita ce ke sa a ɓata lokaci ana neman dalilin da ke cikin jakarki.

Kada ki ba ƙanwarki ragowar. Ki ɗauki hoton kwalin, ki kai rahoto ofishin NAFDAC na jiharku ko ta manhajar Med Safety, ko ki kawo wa mai harhaɗa magunguna ya cike miki takardar. Ki kuma gaya wa wadda ta sayar miki, cikin mutunci, don akwai yiwuwar ita ma sha take.

Yunwa za ta dawo da ƙarfi a makonnin farko, sikeli kuma zai ɗan hau. Ki shirya mata tun kafin ta zo: dafaffen wake, ƙwai, kwaɗon zogale ko rama, gyaɗa kaɗan, a rage tulin tuwo da shinkafa a ƙara miya da ganye. Lemon kwalba shi ne na farkon sallama, don robar rabin lita na iya ɗaukar sukarin da ya wuce ƙaramin cokali goma. Ragin da jiki ke ɗauka lafiya rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a sati.

Kafin ma ki ce kina buƙatar magani, ki yi lissafi. Ki raba nauyinki da tsayinki a mita sau kansa. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.6, za ta raba 80 da 2.56, ta samu 31 da ɗoriya. Daga 30 ne likitoci ke fara maganar magani, ko daga 27 idan akwai ciwon sukari ko hawan jini. Da yawa daga masu shan shayin nan ba su kai ko kusa ba, kamar yadda masu shan sha-ka-fashe a ɗaya ɓangaren ba ramar cuta ce da su ba, bakin mutane ne ya kai su. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai saman cibiya kaɗan, bayan kin saki numfashi. Ga mace, sama da santimita 88 abin a ga likita ne, ga namiji sama da 102.

In lissafin ya nuna kina ciki, akwai magungunan da likita zai iya dubawa. Fentamin, ɗaya daga cikin tsofaffin nan da ta rage tun 1959, har yanzu ana rubuta ta a wasu ƙasashe, amma na 'yan makonni, bayan an duba zuciya da jini. Akwai Xenical mai hana hanji tsotse wani kaso na mai, akwai kuma sababbin allurai irin su Wegovy, masu tsada, waɗanda tuni aka fara yin jabunsu har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan irinsu a 2024. Ranar da za ki je, ki tafi da takardar awon jininki, da lambobin bugun jijiyar da kika rubuta, da jerin duk abin da kike sha, har na tsarin iyali da na gargajiya, ki kuma nemi a duba miki sukari da ƙoda.